Asabar a Gidan Farfesa Ɗangoggo

Tun kafin in cike fom ɗin neman digiri na biyu a fannin tarihi, mutanen ofishinmu suka fara kirana Dokta. Laifin bakina ne. Ni irin mutumin nan ne da in ya yi niyyar sayen takalmi sai duk unguwa ta san lambar ƙafarsa. Na faɗa wa masinja, na faɗa wa direban Darakta, na faɗa wa matar da ke kawo mana shinkafa da wake da rana. Har abin da zan yi bincike a kai na sanar: yadda 'yan kasuwar Kano da Katsina da Zariya suka biyo masu ginin Abuja suka kafa rumfuna tun garin yana daji. A baki kam na gama littafin, bugawa kawai ta rage.

Sunana Musaddiq. Ina aiki a sashen ajiye fayil na wata hukumar gwamnatin tarayya, kuma arba'in ta fara leƙo ni. Tarihi na karanta a jami'a, na fito da sakamakon da ba a yi masa walima, ba a kuma ɓoye shi a ƙarƙashin katifa. Daga nan tarihin da nake taɓawa bai wuce na wanda ya nemi ƙarin girma aka hana shi ba. Amma wallahi abin yana raina, ina son karatun nan so na gaske. Daraktanmu ya yi min alkawarin hutun karatu in na kawo takardar shiga, shi kuwa a ƙarshen shekara zai yi ritaya. Wanda zai gaje shi ya taɓa tambayata a gaban mutane ko tarihi ana cinsa da miya ne. Don haka ko bana, ko kuwa in haƙura har abada.

Jami'ar tana neman shaidar malamai biyu da suka koyar da kai. Ta farko ban sha wahala ba, wani malami da muke zauren hira ɗaya da shi a waya ya cike ya turo. Ta biyun dole ta fito daga hannun wanda ya duba kundin kammala digirinka. Nawa kuwa Farfesa Ɗangoggo ne, wanda rabona da shi tun ranar da ya sa wa kundin hannu. Na bincika aka ce ya bar aiki, matarsa ta rasu, 'ya'yansa sun watsu a duniya, shi kuma ya tare a wani gida da ya gina a Jiwa yana 'yar gonarsa.

Prudence, wadda teburinta ke kallon nawa, a kasuwar Gudu ta koyi Hausarta, kuma ba ruwanta da wane ne namiji wace ce mace a cikin magana. Da ta ji halin da nake ciki sai ta ce, “Oga Dokta, kira ta a waya mana. Ka ce Farfesa, ina so leta. Shi ke nan, wahala ya ƙare.”

Na yi mata murmushin tausayi. Na gyara zama na karantar da ita cewa ba a yi wa babba haka. Mutumin da ka yi fiye da shekara goma ba ka gaishe shi ba, ba za ka faɗo masa da buƙata kamar mai karɓar kuɗin wuta ba. Zuwa da kai ya fi aike. Zuwan farko gaisuwa ce zalla. A na biyu sai ka bar maganar ta zame daga bakinka kamar ba da gangan ba. A na uku shi da kansa zai dube ka ya ce, to yaro, me ke tafe da kai? Na ce mata tsari ne da kakanni suka gwada suka ga yana aiki.

Ta ce, “Kakanni ɗin nan, suna da ranar rufe fom?”

Na jawo fayil na ci gaba da aikina.

Ranar Asabar da safe na sayi zuma da lemo na nufi Jiwa. Damina ce, masara ta rufe gefen hanya, motata tana nishi a cikin taɓo. Na tarar da Farfesa a bayan gida yana ɗaure tumatir a jikin sanduna. Ya rame, ya ranƙwafa, gilashin idonsa ya ƙara kauri. Na durƙusa na gaishe shi, na faɗi sunana da shekarar da muka gama. Ya matso har sai da na ji ƙamshin goron bakinsa.

Ya ce, “Musaddiq. Kai ne ka kawo min kundi babu lambar shafi.”

Na ce ni ne, Malam. A duk abin da na yi a jami'a, wannan ne ya shiga tarihi.

Muka zauna a gindin mangwaro. Ya tambayi aiki, ya tambayi iyali, ya tambayi wasu 'yan ajinmu da ni kaina na manta da su. Da na miƙe zan tafi sai ya ce, “Lafiya dai ko?”

Na ce, “Lafiya ƙalau, Malam. Gaisuwa ce kawai ta kawo ni.”

Ya daɗe yana kallona. Ya ce, “Gaisuwa kawai?”

Na ce, “Kawai, Malam.”

Ya raka ni har bakin mota. A hanya ina ta yaba wa kaina, ina cewa da Prudence ta ga yadda aka yi da ta san akwai abin da ba a koya a kasuwa.

Matata Juwairiyya tana da shagon kayan kicin a Gudu, kuma ciniki ya koya mata tambaya ɗaya tak. Ina shiga gida ta ce, “An samu?”

Na ce, “Ba a yi wa irin wannan gaggawa. Sannu ba ta hana zuwa.”

Ta ce, “Sai dai a daɗe ba a je ba. Ƙarasa karin maganar mana, Dokta.”

Asabar ta zagayo na koma da dabino. Wannan karon fom ɗin shaidar yana cikin ambulan a aljihun rigata. Bayan an gama gaisuwa na yi gyaran murya, na bar maganar ta zame kamar yadda tsari ya tanada. Na ce, “Malam, kwanan nan ina yawan tunanin 'yan kasuwar da suka fara zuwa Abuja.”

Kai, sai ka ce na zuba wa wuta kananzir. Tsohon nan ya miƙe zaune, ya ajiye carbinsa. Ya ce in zan tambayi mutanen nan, kada in yarda da mazan. Kowane Alhaji zai rantse maka shi ya fara sare dajin, shi ya sayar wa leburan farko da burodi. Ya ce in nemi matansu. Mace ba za ta ce maka shekara kaza ba, za ta ce maka tana goyon wane lokacin da aka tashe su daga tsohuwar kasuwa, kai kuma sai ka nemi wanen ka duba shekarunsa. Ya yi ta magana har aka kira azahar. Maƙwabciyarsa da ke dafa masa abinci ta kawo tuwon masara da miyar kuɓewa, muka ci a kwano ɗaya. Ina wanke hannu ina shirya jimlata ta gaba, wadda za ta fara da cewa shi ya sa ma nake son komawa makaranta. Sai ya riga ni.

Ya ce, “Ka ga wannan shi ne son ilimi. Mutum yana zaune a ofishinsa, babu wanda ya sa shi, ba jarrabawa, ba neman takarda, yana tunanin tarihin garin da yake zaune. Allah ya yi maka albarka.”

Na ce amin. Jimlar ta koma inda ta fito.

Na kwantar da hankalina da cewa ai zuwa na uku ne ke da magana. Na je na uku. Bai ce me ke tafe da kai ba. Sai ma ya miƙo min wani tsohon littafi ya ce idonsa ya daina ganin ƙananan rubutu, in karanta masa. Na karanta. Ya riƙa tsayar da ni yana faɗa da marubucin, mutumin da ya mutu tun kafin a haife ni, yana cewa ƙarya yake yi, bai taɓa taka wurin ba. Na je na huɗu. Na zaro kan ambulan ɗin ya leƙo daga aljihu, na yi ta juya ƙirjina wajensa kamar mai tallan riga. Mutumin da ba ya ganin rubutu a tafin hannunsa, ina zai ga kan ambulan?

Haka Asabar ta riƙa bin Asabar. Na koyi ɗaure tumatir. Na san inda yake ajiye maganin hawan jininsa. Yara a layin suka fara cewa ga ɗan Farfesa ya zo. Abin da ban faɗa wa Juwairiyya ba, ban kuma faɗa wa Prudence ba, shi ne na fara jin daɗin zuwan. Tun daga Laraba nake ɗokin Asabar. A ofis babu mai tambayata ra'ayina a kan komai sai inda fayil ya shiga, amma a gindin mangwaron nan wani Farfesa guda yana cewa, kai me ka gani? Wani lokaci sai na kama hanyar gida nake tuna cewa akwai abin da ya kai ni.

Prudence kuwa kowace Litinin sai ta ɗago kai ta ce, “Oga Dokta, yaya kakanni? Sun ba da leta?”

Rana ba ta ƙarya. Aka wayi gari ranar Asabar, fom kuma Litinin za a rufe karɓa. Juwairiyya ta tsaya a bakin ƙofa da mayafinta za ta tafi shago, ta ce, “Baban Nabilah, yau in ba ka buɗe baki ba, ni zan je Jiwa gobe in buɗe maka. Kuma ka san ni ban iya zagaye-zagaye ba.” Na san ta kuwa. Na ce mata yau ko ana ha maza ha mata sai na faɗa.

Na tarar Farfesa yana da baƙo, wani dattijo mai farin gemu da ya gabatar min da shi a matsayin Alhaji Baffa, abokinsa tun na makarantar firamare, ya zo daga Uke duba shi. Na gaishe su na samu gefen tabarma na zauna. Na ƙudura a raina cewa baƙon na tashi zan yi magana.

Sai Farfesa ya dafa kafaɗata.

Ya ce, “Baffa, ka ga wannan? Ɗalibina ne. Tun da na bar aiki, ƙofar nan ba ta ga ɗalibi ba sai mai takarda a hannu. Malam sa min hannu a nan, Malam rubuta min wancan. Su durƙusa har ƙasa, su kira ka uba. Suna karɓa, shi ke nan, ko a hanya kuka haɗu sai su duba waya. Har na daina jin haushi, na ce haka aikin yake, kai rijiya ce, ba a zuwa wurinka hira.”

Alhaji Baffa ya girgiza kai ya ce, “Zamani ke nan.”

Farfesa ya ce, “To wannan yaron, ranar da ya fara zuwa na ce a raina ga wani nan. Na jira ya ciro takarda. Bai ciro ba. Ya dawo, na jira. Wallahi Baffa, har gwada shi na yi, na ba shi littafi mafi gundura a gidan nan ya karanta min. Ya karanta, ya kuma dawo.” Ya cire gilashi ya goge ido da bakin riga. “Tun rasuwar Hajiya ban san ranakun mako ba sai da ya fara zuwa. Ya sa na daina tunanin cewa aikin banza na yi shekara da shekaru.”

Alhaji Baffa ya ɗaga hannu ya shiga yi min addu'a. Allah ya ba ni masu yi min kamar yadda na yi. Na ce amin da wata murya da ban san ina da ita ba. Ambulan ɗin nan yana aljihuna, kusurwarsa tana sukar haƙarƙarina, gumi ya jiƙa shi. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma abin haushin, wani ɓangare na zuciyata yana jin daɗin yabon, yana cewa ai kusan gaskiya ne.

Bayan la'asar baƙo ya tafi. Na yi sallama ni ma, Farfesa ya raka ni bakin mota ya koma ciki. Na tayar da mota. Na ce a raina shi ke nan, na bar karatun, mutuncin tsohon nan ya fi digiri. Na ji kaina wani babban mutum, har na fara tsara yadda zan ba da labarin sadaukarwata a ofis. Sai na tuna fuskar wanda zai gaji Darakta, na tuna ɗakin fayil da zan tsufa a cikinsa, na tuna Juwairiyya da mayafinta a hanyar Jiwa. Girman nawa bai kai ƙarshen layi ba. Na kashe mota na dawo da ƙafa.

Yana nan zaune a gindin mangwaro. Ya ji takuna ya ce, “Ka yi mantuwa ne?”

Na durƙusa. Duk kalaman da na yi makonni ina gogewa suka gudu. Na zaro ambulan ɗin da ya yi laushi da gumi na ce, “Malam, ina neman shiga digiri na biyu ne. Suna son shaidarka.”

Bai karɓa ba. Ya dubi hannuna, ko inda yake zaton hannuna yake.

Ya ce, “Yaushe ake rufewa?”

Na ce, “Jibi, Malam.”

Ya ce, “Tun yaushe ka san kana buƙatarta?”

Ƙarya tana nan kusa, mai sauƙi, in ce shekaranjiya na ga sanarwa. Da ya yarda, ko ya yi kamar ya yarda. Amma bakin nawa da bai taɓa yin shiru inda ya kamata ba, a nan ma bai taimake ni ba. Na ce, “Tun kafin zuwana na farko.”

Ya gyaɗa kai a hankali. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, “Ka san ba na ganin layukan. Ciro biro, in faɗa ka rubuta.”

Haka na zauna a kan tabarmar da aka gama yi min addu'a, ina rubuta yabon kaina da hannuna. Ya faɗa da Turancinsa na malaman da, a tsanake, babu kalmar da ya maimaita. Ya ce ya san ni tun ina ɗalibi. Ya ce abin da nake son bincikawa yana da muhimmanci kuma ba a yi aiki a kansa sosai ba. Ya ce ina da haƙuri, na iya sauraro, na iya zama da tsofaffi har su saki jiki su buɗe min cikinsu, wanda shi ne rabin aikin mai tattara tarihin baka. Ya ce shi da kansa ya ga wannan. A nan birona ya tsaya.

Ya ce, “Rubuta mana. Ai gaskiya ce.”

Na rubuta. Na ɗora yatsansa a inda zai sa hannu, ya sa. Na yi ta godiya, ina haɗa ta da ban haƙuri, ina cewa wallahi Malam ba haka ba ne. Ya ce, “Allah ya ba da sa'a. Ka gaida gida.” Bai tashi daga kujerarsa ba.

Ranar Litinin na miƙa komai a kan lokaci. Prudence ta tafa min ta ce, “Kakanni sun yi aiki fa! Oga Dokta, na yarda da kai.” Juwairiyya ta yi mana dambun shinkafa. Kowa yana murna, ban da ni.

Da Asabar ta zo na tashi na yi wanka na ɗauki makullin mota. Juwairiyya ta ce, “Ina kuma? Ba an gama ba?” Na ce mata akwai littafin da muka bari a tsakiya. Ban sayi zuma ba, ban sayi dabino ba, don kada ya zaci wani sabon zagaye na fara. Duk hanya ina tsara abin da zan ce, kuma wannan karon kowace kalma gaskiya ce.

Na same shi a cikin tumatir. Ya amsa gaisuwata cikakkiya, ya tambayi iyali, ya tambayi aiki, babu abin da ya rage. Sannan ya ce, “Akwai inda ban sa hannu ba ne?”

Na ce, “Babu, Malam. An karɓa, komai ya yi.”

Ya ce, “To madalla. In wata ta taso ka aiko kawai, ba sai ka ƙona mai ba.”

Na ce, “Malam, wallahi yau babu komai a tare da ni.” Don ya tabbata, na zura hannu na zazzage aljihuna na dama a gabansa kamar wanda 'yan sanda suka tare a hanya. Makullin mota ne da rabin goro. Na yi 'yar dariya, ina jiran ya taya ni.

Ya matso da fuskarsa ya duba tafin hannuna da kyau. Ya ɗago.

Ya ce, “Na hagun fa?”

Ba wasa yake yi ba.